Kish na alayyafo: yadda za ki gasa shi ya yanku tsaf bai tsatso ruwa ba

Uwargida, in dai hannunki ya saba da kwaɓin mitfai, rabin aikin kish kin riga kin iya shi. Ɓawo ne na fulawa da bota a ƙasa, a zuba masa haɗin ƙwai da madara da ganye, a gasa shi a buɗe, in ya huce a yayyanka. A littattafan girki quiche za ki ga an rubuta. Asalinsa daga Loren ne, wani yanki a arewa maso gabashin Faransa da ke iyaka da Jamus, kuma nasu na gargajiya ƙwai ne da kirim ɗin madara da naman alade, ko cuku ba sa sawa. Wannan dai ba namu ba ne. Na alayyafo shi ya dace da gidajenmu, kuma zagaye ɗaya a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru a nan Zariya ya isa ki haɗo kusan duk kayansa.

Abu ɗaya ke lalata kish, shi ne ruwa, kuma ta ƙofa uku yake shigowa: ganyen da ba a matse ba, ɓawon da aka zuba wa ƙwai yana ɗanye, da wuta mai ƙarfi wadda ke sa ƙwan ya tsinke ya saki ruwansa. Duk wani "yi kaza, bar kaza" da za ki gani nan gaba, toshe ɗaya daga cikin ƙofofin nan ne.

Cefane

Awon nan na gwangwanin gashi ne mai faɗin santimita 23, zurfinsa kamar gaɓa biyu ta yatsa, wanda zai ba ki yanka shida zuwa takwas. Ɓawo yana son fulawa giram 200, wato gwangwanin madara biyu masu ɗan tozo, da bota giram 100, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, da ruwan sanyi babban cokali uku ko huɗu. Cikin kuma: alayyafo giram 400 bayan an tsinke, albasa babba ɗaya, tafarnuwa ƙwaya biyu, attaruhu ɗaya, ƙwai uku da ƙarin ɗaya na shafawa, madarar ruwa ƙaramin gwangwani biyu, cuku gurzajje kamar cikin hannu biyu in ya samu, masoro, da gyaɗar ƙamshi.

Ganyen da Turawa ke sawa ba irin namu ba ne. Nasu daga ƙasar Farisa ya fito, Larabawa suka kai shi Turai, kuma ɗan sanyi ne, da ya ji zafi sai ya fid da kai ya yi fure. Namu, wanda ake nomawa a lambunan bakin Kubanni da fadamar Galma, rana ba ta dame shi ba. Ni a ganina namun ma ya fi dacewa da kish, don ganyensa yana da jiki, ba ya narkewa ya caɓe, in kin yanka za ki ga koren a fili. Ki zaɓi ɗanyen shuka mai ƙananan ganye, wanda bai fid da kai ba, don tsohon alayyafo yana da zare da ɗan bauri. Ja yana da daɗi a miya, amma a nan zai rina miki ƙwan ya yi wani launi marar fasali. Kuma ki saya da yawa, ɗauri uku ko huɗu gwargwadon hannun mai sayarwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ganyen nan ruwa ne, abin da ya cika roba zai dawo bai fi dunƙule biyu ba.

Kada ki ce bari in ƙara yakuwa ko rama don ɗanɗano, tsaminsu tsinka madara yake yi. Lalo da karkashi kuwa yauƙi ya fitar da su daga lissafi. Zogale tafasasshe yana shiga, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen.

Bota ki nemi mai tauri ta gashi, irin wadda ake yin kek da ita, ba mai laushin nan ta shafa wa burodi ba, ita ruwa ya yi mata yawa. Madara kuma ta gwangwani marar sukari. Su can kirim suke sawa, mu nan samunsa sai an sha yawo a manyan kantuna, ga tsada, alhali madarar gwangwani an riga an ƙone fiye da rabin ruwanta, saboda haka tana ba da kaurin da ake nema. Kada ki sirka ta. In ta gari gare ki, ki dama ta da kauri, ninki biyu na yadda kike yi wa shayi.

Kwaɓin ɓawo

Da shi ake farawa domin yana buƙatar hutu. Ki tankaɗe fulawa da gishiri a roba, ki yayyanka bota mai sanyi ƙanana-ƙanana a kai, ki riƙa murtsukawa da kan yatsu kina ɗagawa sama kina saki, har fulawar ta zama ɓarɓashi. Ba laifi in an bar 'yan gutsattsarin bota nan da can, su ne ma ke sa ɓawon ya yi gas-gas a baki. Sai ruwan sanyi, cokali ɗaya bayan ɗaya, kina juyawa da wuƙa ko cokali mai yatsu. Da kin damƙi ɗan kaɗan kin ga ya riƙe jikinsa bai warware ba, ruwa ya isa haka.

A nan ne hannun da ya saba da cincin da fanke yake kai mutum ya baro. Ba a murza wannan kwaɓin, ba a buga shi. Murzawa na tayar da danƙon fulawa, ɓawon ya yi tauri, kuma ya tsuke a wuta ya zame daga gefen gwangwani. Tattara shi kawai za ki yi, ki danne ya yi faɗi, ki naɗe a leda, ki sa a firij minti 30.

Yanayin garinmu yana da ta cewa a wannan mataki. Da hunturu, a Disamba da Janairu, aikin sauƙi gare shi, bota ba ta narkewa, sai dai iska na busar da kwaɓin ya tsattsage, don haka kada ki bar shi a buɗe ko na minti biyar. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 35, bota tana zama mai tun a hannu. Ki yi kwaɓin bayan asuba kafin kicin ya ɗau zafi. In babu wuta firij ya huce, ki sayi ƙanƙara ki zuba a kula, ki ɗora kwaɓin a kan faranti a sama, yadda ruwa ba zai taɓa shi ba.

Ganye

Kwaɓi na hutawa, ke kina kan alayyafo. Ki tsinke ganyen zalla, ki bar itacen. Ki cika babbar roba da ruwa, ki sa gishiri, ki zuba ganyen ki kaɗa, ki bari ya ɗan jima, sa'an nan ki tsame shi da hannu zuwa wata robar. Tsamewa ake yi, ba tsiyayewa ba, don in kin tuntsurar da robar, yashin da ya kwanta a ƙasa kan ganyen zai koma. Ki yi ta maimaitawa har sai kin shafa gindin robar ba ki ji ƙasa ba. Kayan lambun bakin rafi ne, ba a yi musu wankin ganin ido.

Ki tafasa ruwa da ɗan gishiri, ki zuba ganyen, minti ɗaya zuwa biyu ya isa. Ki kwashe cikin matsami ki kwara masa ruwan sanyi nan take, shi ke tsayar da dahuwar ya bar koren shar. Kanwa ba ta da wuri a nan, laushin da take sawa caɓewa ne, kuma ɗanɗanonta ba ya ɓuya a cikin madara.

To ga inda kish ɗinki zai yi kyau ko ya lalace. Ki ɗebi ganyen cikin hannu, ki dunƙula, ki matse da hannu biyu. Koren ruwa zai riƙa bi ta tsakanin yatsunki yana gangarowa har gwiwar hannu. In ya tsaya, kada ki yarda da shi. Ki warware dunƙulen, ki juya shi, ki sake matsewa, za ki ga wani ruwan ya sake fitowa. Daga nan ki tara shi duka a tsabtataccen ƙyalle marar gashi, ki tattare bakin, ki yi ta murɗawa har sai ɗigo ya ƙare. Gwajinsa shi ne ki ajiye dunƙulen a farin faranti na minti ɗaya. In kin ɗaga kin ga koren zobe a wurin, da sauran aiki. Bayan ya matsu ne za ki yanka shi da wuƙa, ba kafin tafasa ba, domin yankakken ganye ya fi shan ruwa kuma ya fi wuyar matsewa.

Ki soya albasa da cokali ɗaya na bota ko man gyaɗa a wuta kaɗan, har ta yi laushi ta fara zaƙi, kada ta ƙone. Ki sa tafarnuwa da attaruhu, bayan minti ɗaya ki zuba alayyafon ki wargaza shi, ki yi ta juyawa har tururi ya ragu kaskon ya bushe. Ki sa gishiri kaɗan da masoro, da rabin dunƙulen magi in kina so. A nan za ki ɗanɗana, tunda ba za ki lashi ɗanyen ƙwai ba. Ki juye a faranti ki baza ya huce.

Tumatir ɗanye kada ya shiga ciki. In kina son ja don ado, ki soya tattasai tare da albasar.

Gasa ɓawo shi kaɗai

Masu gaggawa wannan matakin suke tsallakewa, shi ya sa nasu ke fitowa sama ya gasu ƙasa kuwa danƙo. Ki barbaɗa fulawa kaɗan a tebur, ki murza kwaɓin da katakon murji ko kwalba mai tsabta, daga tsakiya zuwa waje, kina juya shi, har kaurinsa ya zama kamar milimita 3, faɗinsa kuma ya zarce gwangwanin da yatsu uku ta kowane gefe. Ki naɗe shi a jikin katakon ki warware a kan gwangwanin, ki kwantar da shi cikin kusurwa da bayan yatsa. Kada ki ja shi, duk abin da kika ja zai koma inda ya fito a wuta. Ki bar gefen ya ɗan ɗara bakin gwangwani. In ya yage, ki liƙe da guntun kwaɓi, kuma ki ajiye ɗan saura, zai yi miki rana.

Ki tsattsaga ƙasan da cokali mai yatsu, ki mayar cikin sanyi minti 15. Sa'an nan ki shimfiɗa takardar gashi a kai, ki cika da busasshen wake ko shinkafa har baki, nauyinsu ne zai hana ƙasan kumbura da gefen zamewa. Ki gasa a digiri 200 na minti 15, ki ɗauke takardar da waken, ki mayar minti 5 zuwa 8 har ƙasan ya bushe ya fara launin ƙasa-ƙasa. Waken ba zai ƙara dafuwa da kyau ba, ki zuba shi a kwalba ki ajiye don gashi na gaba.

Yana fitowa ki duba tsaga. Inda ya tsage ki toshe da sauran kwaɓin nan, sai ki kaɗa ƙwai ɗaya ki shafe cikin ɓawon da shi, ki mayar wuta minti 2. Ƙwan zai bushe ya zama shamaki tsakanin ɓawo da madara. Abin da ya rage na ƙwan ki juye a haɗin ciki.

Haɗin ƙwai da madara

Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: awo ɗaya na kaɗaɗɗen ƙwai, awo biyu na madara. Ƙwan gidan gona uku sukan kusa cika gwangwanin madara ɗaya, shi ya sa aka ce madara gwangwani biyu. Na ce ki auna ne domin ƙwai ba girmansu ɗaya ba. Na kajin gida ƙanana ne, haka ma na zabi da ke cika kasuwa da damina, su sai huɗu ko biyar, amma gwaiduwarsu tana ba kish launi mai kyau. Mu dai a Zariya ba ma kukan ƙwai, garin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar da kazar ƙwai ta Shika Brown. Duk da haka ki fasa kowanne a kofi daban kafin ki haɗa, ruɓaɓɓe ɗaya ya isa ya jawo asarar duka.

In ƙwai ya yi yawa, wainar ƙwai kika yi a cikin ɓawo, mai tauri. In madara ta yi yawa, ba zai kama jikinsa ba. Ki kaɗa su a hankali da cokali mai yatsu har su haɗe, ba a son kumfa. Ki sa gishiri rabin ƙaramin cokali, ki rage in cukunki mai gishiri ne, da masoro, sai ki kankare gyaɗar ƙamshi ɗan mitsitsi. Ita ce ke kashe ƙarnin ƙwai da madara, amma in ta yi yawa ɗaci take yi. Ki tace haɗin da rariya in kina son ya yi sumul.

Maganar cuku: cheddar ya fi ba da ɗanɗano, mozzarella sai dai ya yi zare, ɗanɗanonsa kaɗan ne. In babu ko ɗaya, kada ki fasa, ki ƙara gwaiduwa ɗaya kawai. Mai son nama kuma, ban ga abin da ya kai dambun nama dacewa ba, domin a bushe yake, ba zai kawo ruwa ba, ga yajinsa a jikinsa. Kifi banda da aka cire wa ƙaya shi ma yana tafiya da alayyafo sosai. Kaza ko niƙaƙƙen nama sai an soya sun tsane tukuna.

Ki barbaɗa rabin cukun a ƙasan ɓawo, ki baza alayyafon da ya huce, a sake, kada ki danna shi, don madarar ta samu hanyar ratsawa. Ki tsiyaya haɗin a hankali har ya rage kaɗan ya kai baki, ki ɗan zunguri ganyen da cokali mai yatsu, sai sauran cukun a sama. Ya fi sauƙi ki ɗora gwangwanin a kan tiren obin kafin ki cika shi, da ki ɗauko shi cike yana tangal-tangal.

Wuta

Ki rage obin zuwa digiri 170 ko 180, ki sa a tsakiya, minti 30 zuwa 40. Ƙwan da aka sirka da madara yana kamawa ne tun zafin cikinsa bai kai na tafasar ruwa ba. In wuta ta matsa masa har ya tafasa, sai ya kumbura, ya yi huji-huji, ya matse kansa ya fitar da ruwan da ke cikinsa. Saboda haka daga minti 25 ki fara leƙawa. Ki ɗan girgiza gwangwanin: gefe ya tsaya cak, tsakiya kuma, wuri kamar faɗin bakin kofin shayi, ya yi rawa irin ta kindirmo mai kauri. To ya yi, ki fitar. Zafin da ke jikinsa zai ƙarasa tsakiyar. In tsakiyar tana kaɗawa ruwa-ruwa, ki ƙara minti 5. In kuwa bakin ɓawon ya fara duhu alhali ciki bai kama ba, ki rufe bakin da takardar alminiyom.

Da yawa obin ɗin gas na gidajenmu lambobin jikinsa ado ne kawai. Ga tsohuwar dabarar masu gashi: ki barbaɗa fulawa a faranti na ƙarfe ki sa a ciki minti 5. In ta yi ruwan zuma, wutar ta dace da gashin kish. In ta yi duhu sosai, wannan wutar gasa ɓawo ce, ki rage. In da ƙyar ta sauya launi, ki ƙara.

Wadda ba ta da obin, ko ɗalibar da ke zaune a ɗaki ɗaya a Samaru ko Kongo da ɗan risho ko gas, tukunya ta wadatar, yadda ake gasa kek. Ki sami mai faɗi mai kauri, ki zuba yashi wankakke busasshe ko gishiri kamar yatsu biyu, ki ɗora ƙarfe ko duwatsu uku a kai don kada gwangwanin ya zauna a kan yashin kai tsaye, ki rufe ta yi zafi minti 15 kafin ki sa komai. Matsalarta biyu ce. Ta farko zafin daga ƙasa yake zuwa, don haka bayan an gasa ɓawo sai ki mayar da wutar can ƙasa, kuma ki sa ran zai ɗauki lokaci fiye da obin. Ta biyu gumi: tururi na taruwa a murfi yana ɗiga a kan kish. Duk bayan minti 10 ki ɗaga murfin a kwance, kada ki karkata shi a kan tukunyar, ki goge, ki mayar da sauri. In da gawayi kike yi kin ma fi kowa morewa, ki rage garwashin ƙasa, ki ɗora wasu a kan murfin a minti goman ƙarshe, saman zai yi ja mai kyau kuma gumin ba zai taru ba.

Yanka da ajiya

Kada ki sa masa wuƙa yana fitowa, ko da yara sun kewaye ki. Ki ba shi minti 20 aƙalla a kan wani abu da iska za ta ratsa ƙarƙashinsa. Da ɗumi ya fi daɗi, ba da zafi ba. Ki goge wuƙar bayan kowane yanka. Yana tafiya da kwaɗon lansir in lokacinsa ne, ko salak da kokwamba, da shayi da safe, ko kunun gyaɗa a buɗa-baki. In na kai wa surukai ne ko walima, ki yi ƙanana a gwangwanin kek, minti 15 zuwa 20 sun ishe su, kuma sun fi sauƙin rabo.

Abincin ƙwai da madara ne, ba ya jure zaman waje. Kada ya wuce awa biyu a ɗaki, da bazara ma awa ɗaya. A firij mai sanyi yana kwana uku a rufe, amma in wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki yi daidai wanda za a cinye a ranar. Wajen ɗumame, ki sa yankan a busasshen kasko, ki rufe, wuta kaɗan, minti 6 zuwa 8, har tsakiyar ta yi zafi sosai. Kada ki turara shi a madambaci, ɓawon jiƙewa zai yi.